Sunan da Ya Kusa Cinye Gonar Mangwaro

A shekarun da hare-hare suka rufe hanyar Mora, rumfar atamfar Babanmu a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, ta yi sanyi. Masu sari daga kan iyaka suka ɗauke ƙafa. Sai ka tarar da Baba yana kakkaɓe turamen da babu wanda ya taɓa tun safe.

A lokacin ne Yayana ya dawo daga Duwala da dabara. Ya ce mu buɗe shago a intanet, kuma a can suna shi ne bakin titi: adireshin da mutum zai rubuta ya faɗo shagonka. Akwai wata kalma da matan Garwa ke kiran atamfa mai daraja da ita, Hausawa da Fulani duka. Mun taso muna jin ta kamar yadda muke jin gishiri ko sabulu, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa tana da mai ita ba. Wani dillali a Yawunde ya riga ya kama wannan kalma a matsayin adireshi, ya kuma sa mata kuɗi mai nauyi. Babu abin da zai biya shi sai gonar mangwaron da marigayiya Innarmu ta bar mana ni da Yaya a Pitowa, kusa da Garwa.

A gonar nan na koyi zama shiru. Nakan tafi da littafi, in dawo ban buɗe shi ba, ina ta kallon inuwa tana sauya wuri. Amma da Yaya ya nemi yardata, na kasa ce masa a'a. Ya ce idan shagon ya kafu zai saya mini gonar da ta fi ta, har da kujerar mafarki, don 'yar mafarki yake kirana. Na yi dariya, na ce to. Kafin mako ya zagayo ya sami mai saye, wani Alhaji abokin Baba, har ya ce masa ya sallama.

Baba bai hana ba. Sai dai yana da al'adar da ya gada daga kakanninmu fatake: ba ya sayen rumfa ko fili sai ya gaisa da maƙwabtan wurin, ya ji ko akwai mai ja. Yaya ya yi ta bayani cewa suna ba shi da katanga balle maƙwabci.

"To wa zan kai wa goro?" in ji Baba. "Abin da ba shi da maƙwabci, ɗana, wa zai yi maka shaida ranar rigima?"

Da yake ni ce mai Faransanci a gidan, ni ya tura neman maƙwabtan. Ban san inda zan dosa ba, sai na hau babur zuwa ofishin wata lauya, yayar ƙawata ta makaranta. Ta saurare ni tana jujjuya cokali a kofin shayi. Ta ce Yaya bai yi ƙarya ba, gajeren suna mai sauƙin tunawa dukiya ne, ana saye ana sayarwa. Da na faɗi kalmar, sai cokalin ya tsaya. Ta juyo da kwamfutarta ta nuna mini: sunan wani kamfanin masaƙa ne na ƙasar waje, mai rajista, har a yankinmu. Ta ce idan muka sayar da atamfa a ƙarƙashinsa, kamfanin na iya kai ƙara a karɓe adireshin ba tare da an mayar mana da ko dala ba, wataƙila ma a nemi diyya.

"Ƙanwata," ta ce, "maƙwabcin naku yana nan, kuma lauyoyinsa sun fi ni tsada."

A tsakar gida na faɗa musu bayan la'asar. Yaya ya yi musu, ya kira dillalin ya nemi ya rubuta cewa shi zai ɗauki nauyi idan aka yi ƙara. Mutumin ya ce layi ba kyau, bai kuma ƙara ɗaukar waya ba. Yaya ya ajiye wayar, ya ce wai 'yar mafarki ta tashi daga barci ta rushe masa bene. Muryarsa dai babu fushi a ciki.

Saura kalmar da Yaya ya ba Alhaji. A wurinmu wanda ya ce ya sallama ya gama magana, sai dai mai saye ya yafe don kansa. Washegari Baba ya sa babbar riga, ya tasa Yaya gaba suka tafi wurin Alhaji. Ina zaune a soro, na kasa ko shan ruwa, ina ta tunanin yadda zan riƙa wuce gonar a mota in kawar da kai.

Sai gab da azahar suka dawo. Yaya ya fara shigowa yana share gumi, ya ce Alhaji ya wanke shi tas a gaban yaran shagonsa, amma ya mayar masa da kalmarsa, ya yafe cinikin. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kwandon farko na mangwaron bana, gidansa za a kai, kuma Yaya ne zai ɗauko shi a ka.

Na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Da na fito, na tarar Yaya yana gwada tabarma naɗaɗɗiya a kansa, yana tambayar Baba ko an yarda ya sa gammo.