Takalmin da Na Dawo da Shi daga Barcelona

Shekarun baya, lokacin ina jin babu wanda ya kai ni sanin takalmi a duk kasuwar takalma ta Zhanxi Lu da ke Guangzhou a ƙasar China, wata harkar kasuwa ta kai ni Sifaniya. Da na gama, sai na ware kwana ɗaya na shiga Barcelona don in ga abokina.

Mutumin Maraɗi ne. Shi ya tare ni ranar da na fara sauka Guangzhou, ya ba ni katifa a ɗakinsa na unguwar Dengfeng, ya koya mini yadda ake lanƙwasa takalmi a shinshina gam ɗinsa a gane mai ƙarko. 'Yan China ma laoban suke ce masa, wato maigida. Daga baya kasuwa ta juya masa baya, ya tafi Turai. Abin da muka ji kawai shi ne yana harkar takalma a can. Mu kuma muka ƙarasa masa labarin da bakinmu, muka ba shi katafaren shago mai gilashi.

Ya tare ni a tashar jirgin ƙasa cikin farar shadda da ta sha guga. Ya ɗan rame, tafin hannunsa ya yi kanta, amma dariyar tana nan.

"Yau ba ciniki, ɗan'uwa," in ji shi. "Ido kawai za ka kawo."

Ya kai ni cocin nan da aka fi shekara ɗari ana gininta. Na ɗaga kai ina kallon hasumiyoyinta har wuyana ya ƙage, ya ce in kwantar da hankalina, ashe ba gidana na Kano kaɗai ya ƙi ƙarewa ba. Muka hau wani lambu a kan tudu, gari duka a ƙarƙashinmu har teku. Ni kuwa hali ya ƙi barina. Duk tsarabar da na gani sai na juya gindinta in ce, "Wannan a Liwan ta Guangzhou ake sarinta." Shi dai sai dariya.

Sau biyu ina cewa mu gangara bakin teku yana cewa ba abin gani a can. Ni da naci, bayan la'asar sai da muka gangara.

'Yan Afirka ne a jere, kowa ya shimfiɗa farin zani ya jera takalma. Kowane zani da igiya a kusurwoyinsa huɗu, mai kayan yana riƙe da bakinta. Na tambaye shi amfanin igiyar.

"In 'yan sanda suka ɓullo, ja ɗaya za ka yi ya zama ƙunshi, ka saɓa ka ƙara gaba," ya ce a hankali.

Na durƙusa gaban wani dattijo ɗan Senegal, na ɗauki takalmi na lanƙwasa na shinshina. Sai bakina ya buɗe.

"Kai! Wannan ai shara ce. Wa zai bar gida ya zo nan yana gudu da wannan a ka?"

Dattijon ba ya jin Hausa. Ya miƙe da fara'a ya kama hannun abokina, ya yaba shaddar, sannan ya nuna masa wani fili kusa da shi da aka tare da kwali. Faɗin filin daidai zani ɗaya. Nan take na tuna kantar da na ji a tafinsa da safe.

"Wurina ne, ya tsare mini," in ji abokina, bai kau da ido ba. "Wanda ke hannunka ma nawa ne. Na ba shi ya sayar mini yau, tunda ina da baƙo."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sai na cire takalmin ƙafata na saka wancan, na ce ya yi mini daidai, nawa ne?

"Baƙo ba ya biya," ya ce, ya yi murmushi. "Amma gam ɗin ba zai kai ka damina ba. Ni na koya maka, ka sani."

Da takalmin a ƙafata muka ƙarasa yawon. Bai ce in rufa masa asiri ba, ni ma ban yi alkawarin komai ba.

Da na dawo Dengfeng aka yi ta yi mini dariya, wai ga wanda ya ɗauko takalmin Zhanxi daga Turai ya dawo da shi gida. Aka ce yaya shagon laoban? Na ce yana bakin teku, wurin da ya fi ko'ina jama'a. Ban yi ƙarya ba.

Yanzu ya samu takardun zama ya ajiye igiya, shi ma ya ce in ba da labarin. Har yau in na tuna maganar da na yi sai in ji ba daɗi. Na iya duba takalmi ciki da waje, amma na wuni da mutumin da ya koya mini ban duba shi ba. Takalmin kuwa bai kai damina ba, kamar yadda ya faɗa. Yana nan saman kanta a shagona, kuma duk wanda ya taya sai in ce masa ba na sayarwa ba ne.