Ranar da Sista Ta Ƙi Tashi Daga Aiki

Ko shekara nawa zan yi a duniya, safiyar nan ba za ta fita daga raina ba. Na sunkuya zan ɗauki jaririyata, sai na ji numfashina ya tsaya a maƙogwaro, kamar an ɗora mini turmi a ƙirji.

Ina wankan jego ne a gidanmu, a wani ƙauye bayan Auyo, haihuwar fari. An kwana biyu ƙafafuna suna kumbura, amma Inna ta ce sanyi ne bai gama fita ba. Sai ta ƙara wa ruwan wanka wuta, ta ƙara kanwa a kunu. Har yau ban ga laifinta ba. Haka aka yi mata, haka aka yi wa kakata.

Ranar ko kwanciya na kasa. Ga shi kogi ya tumbatsa ya cinye hanya. A kwalekwale aka tsallaka da ni, ina zaune ina haki, muna ratsa gonakin shinkafar da suka nutse, sannan aka samu mota zuwa asibiti a Haɗeja.

Wata nas ce ta karɓe ni, gajeriya, mai faɗa. Ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta dubi Inna.

"Mama, kanwa kuke ɗura mata ko?"

"To Sista, mai jego ce fa."

"Mai jego ce, ai ba saniya ba ce!"

Likita ya ce zuciyata ce ta gaji, ruwa ya taru a huhuna. Aka jingina ni da filo, aka sa mini robar iska a hanci, aka yi mini allura. Duk sanda na lumshe ido sai in ji kamar nutsewa nake, in zabura. Muryar Sistar nan kaɗai ke dawo da ni.

Wajen azahar, lokacin tashinta, wayarta ta yi ƙara. A kunnena aka gaya mata ruwa ya shiga unguwarsu, yaranta kuma suna gida. Wadda za ta karɓe ta ba ta iso ba, hanya ta yanke. Ban san sanda na damƙe gefen hijabinta ba.

"Sista, don Allah kar ki tafi. Mutuwa zan yi."

Yanzu in na tuna kunya nake ji. Uwa ce fa kamata. Ta tsaya, ido a ƙofa, hannu a kafaɗata.

Sai ga babbarsu ta shigo, wata dattijuwa mai tabarau.

"Yaranki suna gidana, na tura Malam maigidana ya kwaso su. In hankalinki bai kwanta ba ki je, ni zan tsaya a kanta."

Sista ta sauke ajiyar zuciya. "Anti, in suna gidanki ai sun fi ni samun wuri." Ta ajiye jakarta.

Wata ƙaramar nas ta yi dariya. "Ke da aka kira ki aiki Kano kika ƙi! Ga shi nan, sai ki yi ta fama da ambaliya da sauro."

"A Kanon wa zai kwaso mini yara? Miƙo abin awon nan, sarkin surutu."

Haka ta yini tana kai da kawowa, ta duba ni, ta yi wa Inna faɗa, ta dawo. Ni kuwa idona na kan ƙofa, ina tsoron kowace fita ita ce ta ƙarshe.

Bayan la'asar likita ya sake sauraren ƙirjina, suka yi magana ƙasa-ƙasa da Sista. Ta matso kusa da kunnena.

"Ƙanwata, mai wuyar ta wuce. Kin tsira, da yardar Allah. Mama, kawo yarinyar ta ga uwarta."

Na fashe da kuka, sai a lokacin na lura ina da numfashin yin kukan.

Har yau in na hau tudu na ji haki, gabana faɗuwa yake. Amma na fahimci abu guda: mai jinya ma tana bukatar wanda zai kula da nata. Da ba a je an ɗauko yaran nan ba, ban san ko ni ce zan ba ku wannan labari ba.