Ranar Godiyar Warkewata

A gidanmu na Kamazou, tambaya ɗaya ake auna lafiyata da ita: "Ta faɗi?" In ban faɗi ba, to ƙalau nake, ko da na wuni kwance ina kallon bango.

Farfaɗiya ta fara kama ni ina ajin farko na sakandare. Ta kayar da ni a filin makaranta, ta kayar da ni a bakin rijiya, ta kayar da ni ana tsakar waƙa a coci, har shugaban mawaƙa ya ce in ɗan huta tukuna, hutun da bai taɓa ƙarewa ba. Daga baya aka dace da maganin da ya karɓe ni, faɗuwa ta tsaya cak. Sai ciwon kai ya gaje ta, irin wanda ko cokali ya bugi kwano sai na ji shi a ƙwayar idona. Bayansa kuma wani abu ya zo wanda ban san sunansa ba. Abinci ya daina yi mini daɗi. Ƙawaye suka janye, ni ma ban neme su ba. In na farka da safe, haushin farkawar nake ji.

Mama doya take sayarwa a bakin titi a Gonin Gora, ta dawo a gajiye ta tarar da ni yadda ta bar ni. Na taɓa ce mata, "Mama, ni fa ba ni da lafiya."

"Kin faɗi?"

"A'a."

"To ki bar saɓo. Tashi ki ɗora ruwa."

Wata rana a asibiti muka tarar da sabuwar likita. Maimakon ta tambayi Mama, ni ta kalla ta ce, "Ke fa, me kike ji?" Ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta bar ni na gama, sannan ta gaya wa Mama cewa ciwon damuwa ne, yakan bi yara masu farfaɗiya, kuma yana da magani, a kai ni ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa. Allah ya sani, ranar na ji sanyi a raina, don ashe abin yana da suna.

A cikin keke Mama ta yi ta tsaki. "Farfaɗiya ba ta ishe mu ba, sai an ƙara mana da hauka?" Da ta ga ina share ido, ta sassauta murya ta ce, "To, bari godiya ta wuce tukuna." Na riƙe wannan maganar gam.

Godiyar kuwa ta coci ce, Baba ne ya tsayar da ranarta, tunda na shekara ban faɗi ba. Aka ɗinka anko, aka yanka akuya, matan zumunta suka zo taya dafa shinkafa. Ranar Lahadi muka taka rawa har gaban bagade, ganguna da lasifika suna sara mini kai kamar ana faskare. Fasto ya miƙo mini makirufo. Na yi niyyar in ce faɗuwa ta tsaya amma da saura, a ci gaba da yi mini addu'a. Sai na hango Mama tana hawayen murna, tunda nake ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Na ce, "Yesu ya warkar da ni." Coci ya ɗauki guɗa.

Da muka koma gida, tsakar gida cike da baƙi, na shige ɗaki na danne kaina da filo. Mama ta leƙo tana nemana.

Na ce, "Mama, godiya ta wuce. Yaushe za mu je wurin likitan?"

Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta yi ƙasa da murya. "Wane likita kuma? Ke da bakinki kika faɗa a gaban coci guda cewa kin warke. So kike a ce ƙarya muka yi wa Allah? Wanke fuskarki, mutane na jiran abinci."

Har yau ina jin ɗacin wannan maganar, kuma ban iya cewa ba ta ƙaunata. Na wanke fuska, na ɗauki tire na fita. Duk wanda na miƙa wa faranti sai ya ce mini barka da samun lafiya, ni kuma in ce yauwa.