Karin da Kakana Ya Taho da Shi daga Masawwa

A gidanmu na unguwar Hindawiyya da ke Makka, ranar suna ba ta cika sai Inna, mahaifiyata, ta ɗauki jariri ta zaga falo da shi sau uku tana rera wani kari. Ba shi da baiti ko ɗaya. Baki a rufe take yinsa, ta hanci, tana ɗan buga ƙafa a inda karin ya sauka. Da shi aka ɗauke ni, da shi aka ɗauki ƙannena da 'ya'yana duka. Karin gida muke ce masa, domin mun ɗauka daga ƙasar Hausa ya taho, ƙasar da Inna ba ta taɓa gani ba.

A Makka aka haife ta. Mahaifinta ne ya baro wani ƙauye na ƙasar Katsina da ƙafa, ya ratsa Cadi da Sudan, ya yi shekaru yana dako a tashar jiragen ruwa ta Masawwa lokacin da Italiyawa ke mulkin wurin, kafin Allah ya ba shi ikon tsallako teku. Ya rasu tana yarinya. Ba ta da hotonsa. Abin da take iya tunawa shi ne kafaɗarsa, da wannan kari da yake yi mata idan ya dawo daga aiki.

Da 'yata ta fari ta haihu, gida ta dawo wankan jego. Kwana uku da haihuwar, na rufe ɗan shagona na turare da carbi bayan La'asar na shigo, sai ta kira ni ɗakinta. Hausarta a cakuɗe take da Larabci, kamar ta sauran 'ya'yanmu.

"Baba, zauna ka saurari wani abu."

Ta miƙo mini waya. Wani yanki ne na fim da ta ce sun kalla ita da mijinta tun tana da ciki, a kan yaƙin da Italiyawa suka kai wa Habasha. Sojoji sanye da baƙaƙen riguna suna tafiya a jere, hannayen dama a miƙe sama, bukkoki na cin wuta a bayansu. Suna waƙa da harshensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma kafin su kai tsakiya na tarar da ƙafata tana bugawa a inda ta saba.

"Akwai wani," in ji ta.

Na biyun ba fim ba ne, labarai ne. Samari a wani dandali na ƙasar Turai, cikin rigunan zamani, hannaye a sama, wannan karin dai. Ta karanta mini abin da aka rubuta a ƙasan hoton: suna neman a mayar da baƙaƙen fata inda suka fito.

"Wata uku ina riƙe da abin nan a raina," ta ce. "Wallahi, Baba, ba za a rera wa ɗana wannan ba. Halas, magana ta ƙare. Amma ni ba zan iya gaya wa Kaka ba."

Na ce mata ta bar ni in yi tunani.

Kakana ya bar wasu 'yan takardu na ajami a cikin gafaka, kuma ni aka ba wa, tunda ni ne na zauna gaban malam na koyi karatunsu. Na sha duba su, amma addu'o'in da sunayen garuruwan hanya nake bi. Washegari da hantsi na buɗe wurin Masawwa na karanta a hankali. Akwai layi uku da na daɗe ina tsallakewa. Ya rubuta cewa kowace safiya, kafin a fara ɗaukar kaya, ana jera 'yan dako a sa su ɗaga hannu sama, a kunna waƙa daga wani akwati da ke kan ginshiƙi, wanda hannunsa ya sauka kuma bulala ce rabonsa. Bai ce ya koyi karin ba. Ba na jin ya san ya koya. Mutum ya ji abu kowace safiya shekara da shekaru, sai ya bi shi har gida.

Na sami Inna tana tsintar shinkafa a faranti. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kewaye-kewaye, har ta ajiye farantin.

"Kai, in mutuwa aka yi ka faɗa."

Na faɗa mata komai, na karanta mata layukan nan uku. Ta ce a kira mai jego da wayarta.

"Zo nan, 'yar Larabawa. Ke da ba ki iya dama kunu ba, ke ce za ki koya mini tarihin ubana?"

"Ni ban ce komai ba, Kaka. Ga shi nan ki gani da idonki, in idon na gani."

"Ya fi naki. Kunna."

Inna ta kawo wayar dab da fuskarta. Ta kalli na farko har ya ƙare, ta ce a maimaita. Da aka gama sai ta ce, "Sun yi masa sauri. Baba a hankali yake yinsa." Sannan ta kalli na biyun.

"Waɗannan yaran kuma na yaushe ne?"

"Na bana ne, Inna," na ce.

"Ba su da iyaye ne?"

Ta mayar da wayar, ta ja farantinta ta ci gaba da tsinta. Ba ta ce za ta bari ba, ba ta ce za ta yi ba. Kwana ukun da suka rage ban sake tayar da maganar ba. Na je Harami na yi ɗawafi, na roƙi Allah kada ya sa in zama sanadin raba tsohuwa da abu ɗaya da ubanta ya bar mata, kada kuma ya sa 'yata ta tuna ranar sunan ɗanta da ɓacin rai.

Ranar suna, bayan an raɗa wa yaro suna an yi addu'a, maza suka watse, matan unguwa suka cika falo. Na tsaya daga bakin ƙofa. 'Yata ta miƙa wa Inna jaririn. Inna ta rungume shi ta fara zagawa. Baki a rufe, kamar kullum, amma babu abin da ya fito. A zagaye na biyu ƙafarta ta buga sau ɗaya, ta tsayar da ita. Ta cika ukun ta tofa masa addu'a.

Wata maƙwabciyarmu, wadda ta halarci sunan 'ya'yana duka, ta ce, "Hajiya, yau babu karin gida?"

"Na ajiye shi," in ji Inna.

'Yata ta fashe da kuka. "Kaka, in kina so ki yi, ki yi. Na janye."

"Share hawayenki, kada ki ɓata kwallinki. Ba don ke ba ne. Da can in na rera, babana nake gani. Yanzu kuwa hannunsa nake gani a sama, da mai bulala a bayansa. Ba zan ɗora wa yaro wannan ba."

An yi suna biyu a gidan bayan wannan, shiru aka zaga da su, babu kuma wanda ya sake tambaya. Na taɓa ɗaukar alƙalami da niyyar in ƙara bayanin a ƙarshen takardun kakana, don na baya su san abin da ya faru. Labarin ya rubutu. Karin kuwa babu harafin da zai riƙe shi, ban kuma koya wa kowa ba. Allah ya jiƙan tsohon, ya sanyaya masa makwanci.