Ranar Da Mama Ta Fitar Da Kujeru

Ni dai Allah ya yi ni mai zargi. In aka ce mini "ba komai", daga nan nake fara neman komai ɗin. Shi ya sa da Mama ta dawo daga Turkiyya, inda ta je yi wa ƙanwata zaman jego, tun a tashar mota na kafa mata ido. Ta ɗan faɗa. Kuma a ƙarƙashin doguwar rigarta takalmin kambas ne, ita da ko silifas ba ta sawa sai mai ado.

Na ce, "Mama, kin rame."

Ta ce, "Tafiya ce, ba komai."

To, ga kalmar ta fito tun ba mu kai gida ba.

Gidanmu na Dutse Uku kakanmu ne ya gina shi tun zamanin haƙar kuza, kuma falon Mama ya tara kayan duk wanda ya taɓa rayuwa a cikinsa. Akwai manyan kujerun kushin da Baba ya saya kafin ya rasu, waɗanda sai ka karkace kafin ka wuce tsakaninsu. Akwai sho-gilas cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Kwanonin jere sun hau kan juna har sun kusa taɓa silin, ga agogunan bango na bukukuwan mutane, kowanne da lokacin da yake nunawa. Tagar falon kuwa wata ƙatuwar wadrob ce ta toshe ta. Baba ne ya tura ta wurin a wata shekara da gari ya rikice, ƙura ta lafa, wadrob ba ta koma ba. Ko da rana tsaka sai an kunna fitila a ɗakin, kuma mun saba har ba ma gani.

Ni ina aure a Nasarawa Gwom, ina leƙa ta kusan kullum bayan na rufe shagon ɗinkina. A makonnin farko na soma tattara alamu. Mama ta daina zuba sukari a shayi, matar da a da sai cokali ya kusa tsayawa a kofinta. Da safe, duk sanyin nan na Jos, sai ta ɗaura kambas ta fita yawo, wai tana miƙe ƙafa. Wata rana mai keken da ya saba kai ni shago ya ce ya gan ta can wajen Gada Biyu tana tafiya ita kaɗai. Na tambaye ta wa ya ce ta riƙa wannan tafiyar, ta ce a can ta ga tsofaffin da suka girme ta suna yi. Ban yarda ba. A sanina babu mai raba Bahaushiya da sukari sai likita.

Sai ta fara kyauta da kayanta. Tangaran ta rarraba wa jikoki, kwanonin jere ta kira 'yar maƙwabta da ake shirin bikinta ta ce ta zaɓa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da ta yafa mayafi ta tafi gidan matar kawuna, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji, ta ce su yafi juna. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san me ake nufi in tsoho ya fara rabar da kaya yana neman gafarar mutane. Tsoro ya kama ni sosai. Na tabbata an gaya mata wani abu a can, ta dawo gida ta ƙarasa kwanakinta, kuma an haɗa baki an ɓoye mini.

Na kira ƙanwata a waya, na ce ta rantse ba su kai Mama asibiti ba.

Ta yi ɗan jim, ta ce, "Yaya, mun kai ta, amma duba lafiya ne kawai."

"Me likita ya ce?"

"Ba komai."

Jim ɗin nan da ta yi ya hana ni sukuni. Na bincike jakar Mama tana banɗaki, na sami maganin hawan jininta da na sani, da wata kwalba mai rubutun Turkanci. Mai kemis na layinmu ya jujjuya ta ya ce na ƙarfin ƙashi ne. Na karɓe abata, a raina na ce shi ma ina ya iya Turkanci.

Wata Asabar da hantsi na sauka daga keke a ƙofar gida, sai na ga kujerun Baba a waje, an jera su jikin katanga. Na leƙa ta ƙofar falo, na hango tabarmi a shimfiɗe, ɗaki fayau. A wurinmu ba a fitar da kujeru a shimfiɗa tabarmi sai an yi mutuwa, don masu zuwa ta'aziyya su sami wurin zama. Haka muka yi ranar da Baba ya rasu, a wannan falon. Na dafa hannun kujera ina salati.

Ba ni kaɗai na karanta abin haka ba. Iya, Bayarabiyar da ke sayar da kayan masarufi a kwanar layinmu, wadda ta yi shekara da shekaru tana maƙwabtaka da Mama, ta taho a guje, ɗankwali a hannu.

"Wayyo Allah! Mama ya tafi? Yaushe? Jiya-jiya na gan shi ya saya sabulu!"

Kafin in buɗe baki mata sun fara shigowa da hijabai, wata har ta soma cewa Allah ya sa ta huta. Sai ga Mama ta fito daga uwar ɗaka, tsintsiya a hannu, farin fenti a goshinta.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Lafiya?"

Iya ta ja da baya, ta dafe ƙirji. "Mama, kai ne? Ba ka mutu ba?"

"Da na mutu ai ke zan fara gaya wa," in ji Mama.

Tsakar gida ta kaure da dariya, wasu suna share hawayen da suka riga suka zubo. Ni ban yi dariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na jira mata suka watse, na bi ta cikin falon, na tura ƙofa.

Na ce, "Mama, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ni ce babba, ba yarinya ba ce. Kin bar sukari, kin rabar da kaya, kin nemi yafiya, yau kuma kin yi shimfiɗar makoki da hannunki. Me likitan nan ya ce miki?"

Ta zauna a kan tabarma, ta nuna mini gefenta. Ta ce ta san na binciki jakarta, don ban mayar da kwalbar aljihun da take ba. Sannan ta ba ni labarin wata tsohuwa da ke zaune a benen da ƙanwata take haya. Ba sa jin yaren juna, amma kullum da la'asar tsohuwar takan ƙwanƙwasa ƙofa ta ja hannunta zuwa ɗakinta shan shayi. Ɗakin babu komai sai kafet, da matasai jikin bango, da ƙaramin tebur, da taga a buɗe. Mama ta ce ranar farko tausayin matar ta ji, ta ɗauka talauci ne. Da ta ci gaba da zuwa sai ta lura a ɗakin ne kaɗai take jin numfashinta yana sauka har ƙasa.

Ta ce, "Ranar da aka kawo ni gidan nan, gwaggonnina ne suka yi mini jere, na shigo na tarar. Babanku ya zo ya ƙara nasa. Ku kuma kuka girma, kowa ya je biki ya kawo mini agogo. Na tsufa a ɗakin nan ban taɓa ajiye ko kofi a inda ni na ga dama ba. Yanzu zan yi wa kaina jere, shi ne kika tara mini masu makoki?"

"Yafiyar fa?"

"Ita ma kaya ce, ta cika mini ɗaki."

Na ce, "To ki rantse ba shirin tafiya kike ba."

Ta harare ni. "Shirin zama nake. Tashi ki kama mini wadrob ɗin nan."

Ba ta rantse ba, na lura da wannan. Amma na tashi. Muka sa kafaɗa, ni da ita da mai fentin da ta ɗauko, wadrob tana kuka a kan siminti har ta bar wurin. Sakatar tagar ta yi tsatsa, sai da aka ɗiga mata man gyaɗa. Da ta buɗe, haske ya shigo ya kwanta a kan tabarma, ga duwatsun unguwarmu can sun hau kan juna, awaki suna yawo a kansu. A ɗakin aka haife ni, amma na manta ana ganinsu daga nan. Mama ta tsaya a wurin ta daɗe tana kallonsu.

Daga baya ta shimfiɗa kafet mai ruwan toka, ta sa na ɗinka mata rigunan matasai da farin yadi, ta sayi tumtum biyu na fata. Labule ta ce mara nauyi take so, wanda iska za ta iya ɗagawa. A bango agogo ɗaya ta bari, wanda yake aiki. Kujerun Baba kuwa gidana aka kai su, don na kasa yarda a sayar, yanzu ni ce nake karkacewa kafin in wuce. 'Yan unguwa suka yi ta tsegumi, wasu suka ce Hajiya ta je Turai ta dawo da ɗakin marasa galihu. Ba a daɗe ba falon ya zama wurin shan shayin la'asar. Iya takan rufe shago ta zo ta miƙe ƙafa, matar kawu ma ta zama 'yar gida.

Ni kuwa ban bar sa ido ba. In ta yi tari sai na ƙirga a raina, in ta yi barcin rana sai na tsaya a kanta ina kallon ƙirjinta. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Jaririyar da aka yi wa zaman jego ta yi wayo, aka dawo da ita gida, ta shiga makaranta, har tana karanta wa Mama saƙon waya. Kambas ya tsufa aka sayi wani. A ƙarƙashin tagar nan Mama ta koma karatun Alƙur'anin da ta ce duhu ne ya raba ta da shi, har ta sauke. Shekarun da na fi ganin dariyarta ke nan, kuma rabin hankalina yana wajen neman ciwon da ban taɓa gani ba.

Bara ta rasu, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Da safen, matan unguwa suka shigo suna naɗe hannun riga don a fitar da kaya a yi shimfiɗa, kamar yadda aka saba. Suka tsaya a bakin ƙofar falon suna dube-dube. Babu abin ɗauka. Kowa ta sami gefen kafet ta zauna, kamar dai shayi aka zo sha.

Iya ta matso kusa da ni, idonta jajir, ta ce, "Mama bai bar mana aiki ba."

Bayan an yi addu'ar bakwai, muna zaune ni da ƙanwata a ƙarƙashin tagar, na ce mata yanzu dai babu wanda za a ɓoye wa, ta gaya mini abin da likitan nan ya ce.

Ta dube ni da kumburarrun idanu, ta ce, "Yaya, wallahi ba komai. Cewa ya yi ta rage sukari."