Darlene, Wadda Ta Hana A Sa Wa Akwati Kwaɗo

Ƙarfe shida na safe Darlene Sizemore ke tada tsohuwar motarta, ta kwashi ɗaliban digiri na biyu na lafiyar al'umma a ƙofar jami'a, ta gangara da su garuruwan kwal na gabashin Kentucky, inda ƙwaya ke cin mutane ba dare ba rana. Shekara goma sha tara ke nan. Ba ta da digiri, da can motar 'yan makaranta take tuƙawa. A takardar jami'a "mai rakiya" aka rubuta mata. Mai rakiya, wai!

Abin da ake turo su koya sauƙi gare shi a baki: ka fara sauraron mai matsalar, ka haɗa samfuri da kwali, ka ba shi ya gwada, in ya ƙi ka rushe ka sake. Malamai ke faɗa a aji, Darlene ke sa shi ya shiga jiki.

Ku tambayi Corwin Baskett, ɗalibin da ya ƙera akwatin da za a riƙa kafewa a bangon shaguna, a zuba maganin nan na fesawa a hanci mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa. Akwati kyakkyawa, har da kwaɗo mai lambobi.

Darlene ta sa ya zagaya filin ajiye motoci da gudu sau uku, ta jiƙa masa hannu, ta ce ya buɗe. Sai ta sa ihu a kunnensa: "Ɗanka ne a ƙasa! Leɓensa ya yi baƙi! Buɗe mana, Likita!"

Lambar da shi da kansa ya zaɓa ta ɓace masa. Minti huɗu yana fama.

"Ka iya tsayawa, ɗan nan," in ji ta. "Ya riga ya tafi."

"Amma Goggo, in ba kwaɗo ai sacewa za a yi."

"A sace mana! Wanda ya saci wannan magani miya zai yi da shi? Rai zai je ceta."

Sai daga baya Corwin ya ji cewa ba wasan kwaikwayo ta yi masa ba. Ɗanta Wade ya cika a banɗakin wani gidan mai, tana durƙushe a kansa, maganin na kulle a ofishin manajan da ya fita cin abinci.

Ke ce, Darlene, kika ɗauki ranar da ta fi kowace muni a rayuwarki kina maimaita ta gaban baƙi, shekara bayan shekara, don kada wata uwa ta ɗanɗana. Wallahi ban san yadda kika iya ba. Ta dalilinki aka kafa akwatuna a shaguna da majami'u, kowanne da yatsa ɗaya ake buɗe shi.

Sai wani mai gidan wanki da ya ce shi bai yarda 'yan ƙwaya su mayar masa da wuri dandali ba, ya sa wa nasa akwatin kwaɗo. Darlene ta je sau biyar tana roƙonsa. Watan jiya wata mata mai 'ya'ya biyu ta mutu a wurin, taku uku tsakaninta da maganin.

Ranar da jami'a ta shirya mata walimar ritaya, ta makara. Ta shigo da almakashin yanka ƙarfe a hannu, ta ajiye yankakken kwaɗon gidan wankin kusa da furanni.

"Mai gidan wankin ya ce zai kira 'yan sanda," in ji ta. "Na ba shi adireshin nan."

Ba wanda ya yi dariya.

Mun gode, Goggo, ko da yake godiya ba ta tada wanda ya tafi. Ku kuma masu tasowa, kafin ku zana komai ku je ku durƙusa inda mutum ya faɗi. In ba ku san hanya ba, ta ce Asabar ƙarfe goma za a yi addu'ar matar nan, kuma motarta na da wurin mutum huɗu.