Ƙararrawar Baban Haika

A ƙauyen Mamba, in hira ta zo kan dutse, Aminieli Urasa ake bar wa fili. Shekara talatin da huɗu ya yi yana hawa Kilimanjaro da masu yawon buɗe ido, shida yana ɗan dako, sauran yana kuku. A ƙidayarsa ya taka ƙololuwa sau ɗari biyu da goma sha ɗaya. A ƙidayar gaskiya kuwa, ƙafarsa ba ta taɓa wurin ba ko sau ɗaya.

Kada a ɗauki alhakinsa, ba ragwanci ba ne. Aikin ne haka. Kuku yakan raka ayari kwana uku har zangon Kibo, zango na ƙarshe, inda ciyawa ta ƙare kuma numfashi ya fara tsada. Daga nan jagorori su ja baƙi su haura, 'yan dako su tsaya da kaya, shi kuwa ya zauna gaban risho, don duk wanda ya sauko daga sama romo mai zafi yake fara tambaya. Kukun da ya bar tukunya ya bi masu hawa, ranar ya yi sallama da aikinsa.

Ɗan tsakiya ne a gidansu, kuma ɗan tsakiya ba ya gadon gonar ayaba, ta babba ce da auta. Shi ya sa yana da shekara ashirin ya ɗora buhu a ka ya bi hanyar dutse. Ƙaryar kuwa wajen neman aure aka haife ta. Ranar da ya je gaishe da mahaifin Eliaichi, tsohon ya kurɓi giyar ayaba, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "An ce dutse kake hawa. Ka kai sama?" Eliaichi tana bayan ƙofa tana ji. Aminieli ya ce, "Na kai, Baba." Kalma biyu ce kawai, amma da aka yi aure aka haifi Haika, sai ga ƙarya ita ma ta yi haƙora tana neman abinci.

Ya kuwa ciyar da ita. Duk sanda masu hawa suka sauko, yana zuba romo yana tambaya: yaya wurin yake, me ake gani, ina rana ke fitowa? Ya tattara guntayen labari ya ɗinka, ya zo ƙauye ya shimfiɗa. Sai wani jagora, Ndesario Minja, shaƙiyyi na ƙin ƙarawa, ya gano inda labaran ke zuwa. Wata rana yana shan romo ya ce masa, fuska a murtuke, ai a can sama akwai ƙararrawar tagulla rataye a jikin allon da ke nuna ƙololuwa, kowa ya isa sai ya kaɗa ta sau uku. Aminieli ya kai ƙararrawa Mamba. Cikin shekara biyu har ya san ƙararta, ya san tsatsar da ke gefenta, ya san ranar da igiyarta ta tsinke shi ya ɗaura wata.

Da gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai tsuguna, sai ya ajiye aiki ya dawo gida. Ya ɗauka shi da dutse sun rabu lafiya, asirinsa a rufe.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, yana zaune yana ɓare ayaba, sai Eliaichi ta zo ta tsaya a kansa. Ta miƙo masa ganyen isale a naɗe, wanda ta tsinko daga shingen gida. Duk ɗan ƙasar nan ya san wanda aka miƙa wa wannan ganye ba ya cewa a'a, ko roƙo ne ko neman gafara. Ya goge hannu ya karɓa, don ba yadda zai yi.

"Baban Haika," in ji ta, "mu matan zumuntar coci mun yanke za mu hau dutse. Mu takwas. Mun gaji da ganinsa daga bakin murhu. Kai za ka shige mana gaba, ka kai ni in kaɗa ƙararrawar nan."

"Maman Haika, gwiwata."

"Tawa ta fi taka tsufa."

"Ai doka ta ce sai da jagora mai takarda."

"Mun samu. Ndesario ne."

Da ya ji sunan, sai ayabar ta suɓuce masa. Ya yi sati biyu yana neman mafita. Ya ce damina ta kusa, alhali sama tas take. Ya ce ya yi mummunan mafarki, ta ce ya rage cin wake da yamma. Da safiyar tafiya, da ya ga ba makawa, shi ma ya saci jiki ya tsinki ganye ɗaya daga shingen, ya cusa cikin hularsa. Ya ce a ransa zai miƙa mata a zangon farko, ya faɗi gaskiya, kowa ya huta.

A ƙofar shiga daji Ndesario ya tarye shi da fara'a har kunne. "Barka da zuwa, sarkin sama. Yau ni ɗalibi ne. Wuce gaba, dattijo."

"Allah zai saka mini," in ji Aminieli ƙasa-ƙasa.

To, kwana ukun farko dai sarautarsa ce, kuma ta gaskiya. Ya san kowace saiwa, ya san dutsen da ke da santsi da rafin da ba a sha. Ya koya wa mata tafiyar hawainiya, ya ce sannu ba ta hana zuwa. Ya leƙa tukunyar kukun da ya gaje shi ya ce gishiri ya yi yawa. Matan suna waƙa suna yaba shi, har Aikande, shugabar zumunta, wadda bakinta ya fi wuƙar yankan ayaba kaifi, ta ce ashe dai mutumin nan ba duka ne surutu ba. Daɗin yabo ya sa zangon farko ya wuce ganye yana cikin hula. Na biyu ma haka. Wa zai ɓata miya ana cikin sha?

A zangon Kibo ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya ɗaura gyale a ƙugu ya nufi risho, ya ce kukun nan ba zai iya romon saukowa ba, gara shi ya tsaya ya dafa. Eliaichi ta zo ta kwance gyalen da hannunta. "Ka karɓi ganye," in ji ta. Iyakar maganar ke nan.

Mata biyu suka tsaya a zango saboda ciwon kai. Sauran suka kama hawa tun duhu bai yaye ba, Aminieli a gaba, Ndesario a bayansa yana nuna masa hanya da bakin sanda ba tare da kowa ya lura ba. Nan ne tsohon kuku ya san abin da ya shekara talatin yana bayar da labarinsa. Tsakuwa ce mai zamewa, ka yi taku uku ta maido ka ɗaya. Sanyi ya shiga ƙashinsa. Ƙirjinsa ya yi nauyi, kansa yana sarawa, ya yi amai sau biyu ya ce shayin kukun nan ne. Tsoro ya kama shi sosai, ba na mutuwa ba, na idon matarsa. Shekara talatin tana zuba masa abinci a matsayin mutumin da ya taka sama, yau za ta ga ɗan tsakiyan da ko gona bai gada ba.

Rana tana fitowa suka dafa wasu manyan duwatsu suka haura, sai ga fili, ga allon katako da rubutu, ga ƙanƙara tana ƙyalli, gajimare can ƙasa. Aminieli ya ga allo, ya ji hawaye ya zo masa. Ya juyo ya ɗaga sanda.

"Mun iso," in ji shi. "Nan ne ƙololuwa. Ƙararrawar ce dai ban gani ba, wataƙila ɓarayi sun kwance ta. Duniya ta lalace."

Matan suka fara guɗa da ɗan numfashin da ya rage musu. Ndesario ya yi gyaran murya. Shi kansa ya so ya yi shiru, amma ba a mayar da mutane gida daga rabin hanya. Ya nuna can nesa, inda gefen dutsen ya lanƙwasa ya ƙara tashi.

"Iyayena, nan bakin ramin da ke saman dutse ne kawai. Ƙololuwa ga ta can. Saura tafiyar awa biyu."

Guɗa ta tsaya. Kowane ɗan dako da ya taɓa wuce Kibo ya san allon farko ba shi ne ƙarshe ba, sai wanda bai taɓa wucewa ba. Aikande ta gyara mayafinta ta dubi Aminieli.

"Sau ɗari biyu da nawa ka ce, Baban Haika?"

Ya zauna a kan dutse, ya cire hula, sanyi ya bugi sanƙonsa. Ya laluba ya fito da ganyen, ya yi laushi ya yi baƙi, gumin kwana huɗu ya dafa shi. Ya miƙa wa matarsa da hannu biyu, bai iya ɗaga ido ba.

"Eliaichi, ban taɓa zuwa nan ba. Iyakata tukunya. Ƙararrawa ma babu ita, ji na yi."

Tun ranar aurensu bai kira ta da sunanta a gaban mutane ba. Ta karɓi ganyen, ta juya shi, ta soke a bakin zanenta.

"Na karɓa. Tashi, gindinka zai daskare."

"Ki bar ni nan. Ku je ku dawo."

"Ni ma na ba ka ganye, kuma ban ce ka kai ni bakin rami ba."

Haka suka ci gaba, ita a gaba yanzu, shi yana riƙe da bakin sandarta. Taku goma su tsaya, taku goma su tsaya. Ba wanda ya yi masa magana, ko Aikande, kuma shirun ya fi masa zagi ciwo. Bai ga kyan ƙanƙara ba, bai ga sararin da Turawa ke kuka a kansa ba. Dugadugan matarsa kawai yake kallo, har suka daina motsi.

Ya ɗaga kai. Allo ne, ya fi na farko girma, kuma bayansa babu sauran tudu. Ba ƙararrawa, ba igiya, ba tsatsa. Ndesario ya matso ya dafa kafaɗarsa, wannan karon ba dariya a fuskarsa, ya ce, "Nan ne, dattijo."

Eliaichi ta sauke jakarta, ta tsuguna da ƙyar, ta kwance wani ƙullin tsumma. Sai ga ƙaramar ƙararrawar hannu, wadda matan zumunta ke kaɗawa in surutu ya yi yawa a taro. Aikande ta kau da kai tana danne dariya, sauran matan ma haka. Sai a lokacin ya gane duk ayarin nan shi kaɗai ne bai san abin da ake ciki ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Haika tana goye. Masu zuwa sama suna dawowa leɓe a tsage, ido a zurme. Kai kuwa kullum ka dawo da ƙiba da warin albasa."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Labarin yana da daɗi, yara suna cin abinci in kana yi. Amma da na ga ka ajiye aiki, gwiwa tana tafiya, sai na ce mutumin nan ya shekara talatin yana ciyar da masu hawa, ba zai mutu bai ga wurin ba. Kuma na san in na ce zo mu je ka gani, girman kai ba zai bar ka ba." Ta miƙa masa ƙararrawar. "Ungo. Sau uku ka ce."

Yatsunsa sun sandare, sai da ta haɗa hannunta da nasa. Suka kaɗa. Ƙarar ba ta kai ko rabin wadda yake kwatantawa a Mamba ba, iska ta kwashe ta nan take, amma Aminieli ya yi kuka har majina ta daskare masa a gashin baki.

Har yau in ka je Mamba za ka same shi gindin ayaba yana ba da labarin dutse. In baƙo ya tambaye shi sau nawa ya kai sama, yakan saci kallon ƙofar kicin tukuna, sannan ya ce, "Sau ɗaya." In aka tambaye shi ko da gaske akwai ƙararrawa a can, sai ya gyara zama.

"Ranar da na je dai akwai. Matata ce ta kai ta."